Jirgin da Ya Cinye wa Goggo Hanya

A tashar motar garinmu, idan ka ce Ta Tsakiya kake nema, ko mai faci zai ɗago kai ya nuna maka ita. Goggona ce, ƙanwar mahaifinmu, 'yar firit ɗin mace mai kaifin ido, wadda idan ta zauna a kujera ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Sunan daga wurin zamanta ya fito. Fasinjoji na rububin gefen taga, wasu na lallaɓar direba ya ba su gidan gaba, ita kuwa tun da na buɗi ido kujerar baya take nema, kuma tsakiyarta, inda ake matse mutum dama da hagu har ya manta yana da kafaɗa.

Sana'arta rakiya. Garinmu da garin da aka haife su, ita da Baba, duk a can ƙuryar arewa suke, sai dai akwai jerin duwatsu da wata ƙatuwar fadama a tsakani waɗanda ko jaki ba ya ratsawa. Don haka hanya sai ta gangara kudu yini guda cur, ta haye gada, a kwana a mararraba, washegari ta sake miƙewa arewa wani yinin. Duk gidan da ke da tsoho mai zuwa ganin likitan ido a can, ko mara lafiyar da aka sallamo za a mayar gida, kuma babu mai iya barin aikinsa, sai a damƙa wa Goggo. Ta san inda ake samun ruwa mai kyau. Ta san direban da ke gyangyaɗi bayan azahar, ta kuma san irin labarin da ke wartsakar da shi.

Abin da ya fi sa aka san ta kuwa, ba da niyya ta fara shi ba. Wata shekara ta faɗa tsakanin wasu maƙwabta biyu da za su babbar kotun can garin a kan rigimar katanga. Da suka shiga mota ko gaisawa ba su yi ba. Da suka sauka, tare suka je suka janye ƙarar, ɗaya na riƙe wa ɗaya jaka. Labari ya zaga gari. Daga nan duk dangin da suka gaji da wasu mutum biyu da ba sa ga maciji, sai su ƙirƙiro musu dalilin tafiya, a ce ai Goggo ma can ta nufa.

Ni ce autar gidanmu, kuma ni mutum ce mai son sanin yadda ake yin abu, ga gajen haƙuri. A ɗakin magani na asibiti nake aiki, inda komai yana da awo da lokacin sha, saboda haka na daɗe ina zargin akwai wata magana da take raɗa musu a kunne. Wata rana ina taya ta tsefe kai na tambaye ta.

"Goggo, wai me kike gaya musu ne?"

"Ni? Ba na cewa uffan. Ke kin taɓa ganin an yi wa mai fushi wa'azi ya ji?"

"To me kike yi?"

"Zama nake yi. Ki ja a hankali mana, kan nan nawa ne."

Sai da na matsa mata sannan ta zayyana mini. Lemu take saye, ta ba ɗaya ledar ya riƙe mata, ta ba ɗayan wuƙar. Gorar ruwa ɗaya, kofi ɗaya. Yinin farko ba ta yarda a ambaci rigimar ko da wasa, wanda duk ya ɗauko sai ta hau tari. Akwai wani yashi kafin gada inda mota ba ta taɓa wucewa ba ta kafe ba, dole kowa ya sauka, maza su tura, mata su ɗauki kaya. A mararraba kowa ya kwana a kan benci ya tashi wuya a sage. Sai rana ta biyu da hantsi bayanta zai fara ciwon ƙarya, ta roƙi na gefen taga su yi musaya don ta jingina. Shi ke nan ta fice daga tsakiya, kafaɗarsu ta haɗu, ita kuma ta rufe fuska da mayafi kamar mai barci.

"Fushi ƙarfi yake ci, Auta," in ji ta. "Wanda ya tura mota a yashi da tsakar rana ba shi da sauran abin ciyar da shi. Ni nawa kawai kada in bari su sauka kafin gajiya ta gama aikinta."

Ba kowa take iyawa ba. Akwai waɗanda suka sauka yadda suka hau, kuma ba ta ɓoyewa. Amma waɗanda suka fi ci mata rai su ne waɗanda ta kasa ko sakawa a mota, wato yayyena biyu.

Kafintoci ne dukkansu, a shagon da Baba ya bar musu lokacin da ya tsufa ya koma garinsu bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yaya Babba mutum ne mai tsantseni, yana iya yini yana goge ƙafar kujera ɗaya. Yaya Ƙarami hannunsa da sauri, zuciyarsa ma haka. Wata rana wani ya zo karɓar ƙofar da Ƙarami ya yi, sai Babba ya shafa gefenta, ya ce wa mutumin a gaban masu koyon aiki, "Ka yi haƙuri ka dawo jibi, ƙanen nawa har yanzu koyo yake." A lokacin Ƙarami na da 'ya'ya uku. Washegari Babba ya zo ya tarar an sa zarto an raba dogon teburin aikin Baba gida biyu, an ja rabi wannan bango, rabi wancan. Shekara huɗu suka yi a haka, shago ɗaya, ƙofa ɗaya, garin katako ɗaya suke shaƙa, amma idan ɗaya na son guduma a wurin ɗaya gwamma ya je kasuwa ya sayo wata. Ni kam sau da yawa na ji kamar in kama kawunansu in gwara.

Da labarin teburin ya kai wa Baba, sai ya rantse babu wanda zai taka masa ɗaki a cikinsu sai ranar da suka shigo tare suna magana da juna. Wanda ya san Baba ya san inda 'ya'yan suka gado taurin kai. Babba ya taɓa yin kwana biyun nan a hanya shi kaɗai, Baba ya aiko masa da cewa ya koma ya taho da ɗan'uwansa.

A daminar bara Baffa, ƙanen Baba wanda suke gida ɗaya a can, ya bugo waya. Ƙirjin Baba ya tara ruwa, likita ya ce duk mai son ganinsa ya zo cikin makon nan. A karon farko yayyena suka yarda su hau mota ɗaya. Na tarar da Goggo ranar idonta jawur saboda yayanta, amma tana zaune a tsakar gida tana wasa wuƙar lemu a kan dutse. Ta ce mini kwana biyu sun ishe ta, duk da dai Baba ne ya haife su.

Da yamma labari ya iso tasha cewa ruwa ya tafi da gada. Direbobi suka ce sai an yi wata guda ko fiye kafin mota ta haye.

Ni na kawo maganar jirgi. Na san shi domin shi ke kawo mana kwalayen magani sau biyu a mako, wani ƙarami mai farfela, kuma idan ya tashi daga wurinmu a can garin yake sauka. Yana ɗaukar fasinja idan da wuri. Na ɗauka Goggo za ta tsorata, ko alama. Tambaya ɗaya ta yi mini, wai kwana nawa yake yi. Na ce ban sani daidai ba, amma dai ba ya kwana. Ta yafa mayafi ta ce mu je ta ji daga bakin masu shi.

Ofishin nasu ɗaki ɗaya ne a bayan gidan waya, da fanka mai ƙara, da kalanda mai hoton wani jirgi da ya ninka namu sau goma. Wata budurwa na bayan tebur tana cin gyaɗa.

"'Yata, daga nan zuwa can, yaya tafiyar take?"

"Minti arba'in ne, Mama. Idan iska na baya ma ba ya kaiwa."

Goggo ta dube ni, ta sake duban budurwar. "Ba mararraba nake nufi ba. Can garin."

"Ni ma can ɗin nake nufi."

"To a ina yake tsayawa a sha ruwa?"

"Ba ya tsayawa."

"Ba ya kafewa? Ba ya faci? Injinsa ba ya zafi a jira ya huce?"

"Allah ya kiyaye, Mama!"

"Idan aka roƙi direban ya tafi a hankali fa? A ce da tsohuwa a ciki."

Budurwar ta yi dariya har gyaɗa ta ƙware ta, ta ce ai idan ya tafi a hankali faɗowa zai yi. Goggo ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko akwai wani jirgin da ya fi wannan jimawa. Akwai, in ji budurwar, wanda zai kai mutum babban birni can kudu, ya yi ta jira kwanaki kafin a samu mai hawowa arewa. Na ga Goggo tana aunawa da gaske, sai na taɓa ta na ce, "Baba fa." Ta ce, "Na sani." Muka yanki tikiti huɗu na washegari.

A hanyar gida ta tsaya a ƙofar maƙwabcinmu, wani malamin makaranta mai ritaya. Ta yi sallama ta ce ya nuna mata garin nan da wancan a takarda. Mutumin ya yi murna kamar an dawo masa da aji. Ya ɗauko tsohuwar taswira ya shimfiɗa a tabarma, ya danne gefe da kofi, gefe da takalminsa, ya nuna mata ɗigo biyu can sama waɗanda tazararsu ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba. Ta ce ina hanya. Ya bi wani jan layi da yatsa, ya gangara ƙasa, ya gangara, ya haye gada, ya sake hawowa.

Goggo ta zaro zare daga bakin mayafinta ta kwantar da shi a kan jan layin, lanƙwasa bayan lanƙwasa, ta datse da haƙori. Ta sake zaro wani ta auna tsakanin ɗigon biyu. Sannan ta ɗaga su duka a gaban fuskarta. Ɗaya na lilo har gwiwar hannunta, ɗayan da ƙyar ya leƙo daga tsakanin yatsunta.

"Malam, duk biyun nan nisan garinmu ne?"

"Duk biyun. Wannan na mota, kusan kilomita dubu. Wannan na jirgi, ɗari da hamsin."

"To sauran nisan ina ya tafi?"

"Bai tafi ko'ina ba. Dama babu shi, zagaye ne kawai."

"Babu shi?" in ji Goggo. "Shekara talatin ina zaune a cikinsa, bayana ya san shi, ƙuguna ya san shi, ka ce mini babu shi?"

Malam ya yi ta bayani cikin haƙuri, da cokali da kwano, yana cewa mota gefen kwanon take bi, jirgi kuma tsallakawa yake yi. Ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, ta ƙulle zaren biyu a bakin zani. Da muka fito ta ce mini bayaninsa ya yi kyau, sai dai ita sai ta gani.

Da muka isa gida ta sa na saita wayata ta yi ƙara bayan minti arba'in. Ta kirawo matar Malam, ta zaunar da mu a benci, ita a tsakiya, ta ba ni ledar lemu, ta ba ta wuƙa, ta ce mu ɗaure fuska. Muka ɗaure, dariya na cin mu. Wayar ta yi ƙara ko tarin farko ba ta kai ga yi ba. Ta ce a sake. A karo na biyu ta yanke shirun safe, ta yanke yashi, ta yanke kwanan mararraba, duk da haka ƙarar ta riske ta tana shirin kama baya. Daga ƙarshe ta yanke shawara cewa gobe jirgi na ɗagawa ciwon bayan zai fara.

Filin jirgin namu wani dogon fili ne mai jar ƙasa, da rumfar kwano, da wani tsumma a kan sanda mai nuna inda iska ta nufa. Yayyena suka zo kowa a kan babur ɗinsa, suka gaishe da Goggo ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya ɗaya a wannan ƙarshen rumfar, ɗaya a wancan. Mai gadi ya buɗe jakar Goggo, abin da ya fara cirowa shi ne wuƙar.

"Ta lemu ce," in ji ta.

"Ko ta yankan farce ce, Mama, ba ta hawa. Kya karɓa idan kin dawo."

Gorar ruwan bai hana ba, amma kafin ta yi murna ya bi mu da kwali yana miƙa wa kowa robar ruwansa. Sai ga mataimakin matuƙi da sikeli. Ya ce kowa ya hau da jakarsa, domin a irin wannan jirgin da nauyi ake raba wurin zama. Ya auna Babba ya ce gaba, gefen hagu. Ya auna Ƙarami ya ce gefen dama, bayan kwalayen magani. Ni da Goggo, marasa nauyi, can ƙurya.

"Ɗana," in ji Goggo, "'yan'uwa ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya. A haɗa su mana."

"Shi ya sa nauyinsu ɗaya, Mama. Idan na haɗa su gefe guda jirgin zai karkace."

Da muka sunkuya muka shiga, ta tsaya tana dube-dube. Kujera ɗaya dama, ɗaya hagu, jere har ƙarshe. Ta ce ina tsakiya. Ya ce tsakiya hanya ce, ba a zama. Sannan ya ɗaure mata bel, ya raba mana auduga mu toshe kunne, injin ya ɗauki ruri har haƙorina na kaɗawa. Na leƙa fuskarta ta tsallaken hanyar. Ban taɓa ganin Goggo a tafiya ba ta san abin yi ba sai ranar, tana rungume da ledar lemu a cinya.

Duk da haka ba ta saduda ba. Muna ɗagawa ta kama ƙugu, ta yamutsa fuska, ta yi nishi, ta ƙara nishi. Babu wanda ya ji. Babba ya ƙura wa agogunan gaban matuƙi ido kamar shi aka ba aikin gadinsu, Ƙarami ya runtse nasa ya ƙanƙame kujerar gabansa yana motsa leɓe. Ta gwada tarin ma. Da ta ga ko ni da ke kusa bakinta kawai nake gani, sai ta saki ƙugun ta juya ga taga, wurin da shekara talatin take barin wa wasu.

Daga nan na rasa ta. Ta manna goshi a gilashi. Ta nuna mini tasha, ta nuna mini rufin asibitinmu, ta nuna mini hanya, wata 'yar siririyar jar aba da ta miƙe kudu da wata babbar mota a kai kamar ba ta motsi. Ta bi ta da ido har wuyanta ya ƙare, domin mu ba can muka nufa ba. Gabas muka dosa, kai tsaye zuwa duwatsu.

A cikin jerin duwatsun akwai wani babba mai tsagaggen kai da ake hangowa daga ko'ina a garinmu idan sama ta washe. Dutsen gabas muke ce masa. Daga wurin shanyar Goggo ana ganinsa sosai, daga ƙofar shagon yayyena ma haka. Jirgin ya yi ta matsawa har muka zo daidai kafaɗarsa, muna ganin itatuwa a jikinsa ɗaya-ɗaya. Da muka fara wuce shi sai kamanninsa suka sauya. Tsagar ta ɓace, kan ya koma a dunƙule, wani farin zane ya bayyana daga sama har ƙasa inda ruwa ke zubowa.

Goggo ta cafko hannuna, ta jawo ni, ta zare audugar kunnena ta yi ihu a ciki.

"Dutsenmu ne!"

"E mana, dutsen gabas!"

"A'a! Na gidanmu! Dutsen yamma! Farin zanen nan daga tagar ɗakin Inna ake ganinsa!"

Sai a lokacin na gane. Su ma mutanen can garin suna da babban dutsensu, suna ce masa dutsen yamma, kuma tun tana yarinya take kallonsa. Da aure ya kawo ta garinmu ta tarar da wani. Duk tsawon rayuwarta dutse biyu ta sani, da tafiyar kwana biyu a tsakaninsu. Ashe guda ɗaya ne, mu muna kallon gabansa, su suna kallon bayansa.

Na zaci dariya za ta yi, ta ce Malam ya yi gaskiya. Sai na ga hawaye na bin kuncinta, bakinta a buɗe, ba ta ko sharewa. Inna ita ce mahaifiyarsu, kakarmu, wadda ban sani ba. Abin da na sani kawai shi ne Goggo na da ƙuruciyar aure aka aiko mata Inna ba lafiya, ta kamo hanya, ta iso an riga an binne ta. Ban taɓa jin ta faɗi abin da ya wuce haka ba. Tausayinta ya kama ni, kuma babu yadda zan yi in ce mata komai a cikin rurin nan.

Kafin ta share fuska jirgin ya sunkuyar da kai, rufin gidaje suka taso mana. Ko lemu ɗaya ba a taɓa ba.

Baffa ya zo ɗaukarmu da akori-kura. Babba ya shiga gaba, Ƙarami ya haye baya, Goggo ko yunƙurin gyara zaman ba ta yi ba. Ni kuwa raina a ɓace yake. Ina jin haushin yayyena, ina jin haushin Baba da rantsuwarsa, har jirgin ma da ni na kawo maganarsa ina jin haushinsa. Muna isa gida suka tsaya a tsakar gida, ɗaya wajen randar ruwa, ɗaya ƙarƙashin bishiya. Ni da Goggo muka shiga.

Ɗakin na warin magani. An tokare Baba da matashi uku, sandarsa na jingine da bango, tagar a rufe saboda iska. Ya rame har na kusa kasa gane shi, numfashinsa na fito. Ya buɗe ido.

"Ke ce, Ta Tsakiya?"

"Ni ce, Yaya. Ga Auta."

Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina. "Ku biyu?"

"Mu huɗu."

"Sun yi magana?"

Na ƙifta mata ido, na ƙara ƙiftawa. Kalma ɗaya ce, kuma wa zai tuhume ta? Ko kallona ba ta yi ba.

"A'a," in ji ta. "Ban samu hanya ba, Yaya. Jirgin nan ya cinye ta."

Baba ya juya fuska bango. "To su koma."

Goggo ta ajiye ledar lemun, ta zagaya gadon ta ture tagar ta buɗe. Ga dutsen can nesa da farin zanensa.

"Yaya, ka ga dutsen can?"

"Tun ba a haife ki ba nake ganinsa."

"Ka san shi ne wanda ake gani daga ƙofar shagonka?"

"Kin fara ruɗewa. Wancan kansa a tsage yake."

"Ta can gefen. Na bi ta kafaɗarsa yau da safe, na gani da idona yana juyawa. Ɗaya ne. Tambayi Auta."

Baba ya juyo da kai a hankali ya dube ni. Na ce haka ne. Ya dubi tagar ya daɗe yana kallo, gira a haɗe, kamar yadda yake duban katako kafin ya sa zarto. Fiye da rabin rayuwarsa ya yi a garinmu yana ɗaga ido ya ga dutsen nan.

"Tafiyar me kuka yi?"

"Minti arba'in, in ji su. Ko lemu ban ɓare ba."

"Ikon Allah," in ji Baba.

Ta zauna a bakin gadon, ƙafarta na lilo. Ta yi magana a hankali, ba da muryar tasha ba.

"Ranar da Inna ke kwance a ɗakin nan, ni ina bayan dutsen can ina shanya, ina kallonsa. Na iso an riga an kai ta. Shekara da shekaru ina cewa hanya ce ta hana ni, kuma hanyar ce, shi ya sa zuciyata ta bar ni na zauna lafiya. Su kuwa ga su nan a tsakar gida, suna jin tarinka. Idan suka makara, Yaya, me za su ce ya hana su?"

Na jira faɗa, domin na san Baba.

"Na rantse," in ji shi.

"Na sani."

Can sai Baba ya ture bargon, ya fara jan ƙafafunsa zuwa bakin gado.

"Auta, kama ni."

"Baba, likita ya ce kada ka..."

"Kama ni na ce."

Na shiga ƙarƙashin hammatarsa ta dama, Goggo ta shiga ta hagu. Tsakanin gadon da ƙofa ba wani nisa ba ne, amma mun sha wahala, domin Goggo ta yi masa gajarta, duk ya karkato kaina, kuma kowane taku sai ya tsaya ya nemi numfashi. Na ture labule da kafaɗa. Rana ta haske masa ido, ya taka dokin ƙofa, gwiwoyinsa suka saki.

Ban ga lokacin da suka taso ba. Sai dai na ji an zare mini nauyinsa, Babba ya tallabo shi ta baya, Ƙarami ya rungumo ƙafafunsa, suka ɗaga shi cak zuwa bencin da ke jikin bango. Baba na haki, hannu ɗaya a wuyan rigar wannan, ɗaya a kan wancan, ya ƙi sakin kowa. Babba bai dubi kowa ba ya ce, "Ya rame."

Ƙarami na durƙushe yana gyara wa Baba zaman ƙafa, bai ɗago ba.

"Sosai," in ji shi. "Ɗaga masa kai kaɗan, Yaya."

Na buɗe baki zan yi magana, Goggo ta mintsine ni a damtse har na ji a ƙwaƙwalwa, ta ce in zo in taya ta kaɗe zanin gado.